Bangon da Idwal Ya Yaɓe

Porthelen, 4 ga Agusta, 1984

Yaya Idwal,

Gaisuwa mai yawa, da fatan zafin Ostiraliya bai gama soya ka ba. Ni da mijina Hefin lafiya lau, in ban da gwiwarsa da ke tashi duk ranar da aka yi ruwa, ka kuwa san garinmu da ruwa.

Kada hankalinka ya tashi, amma yau mahaifiyarmu, Mam, ta kwana tara a asibiti. Ciwon huhu ne. Ban rubuto da wuri ba don ban san me zan ce maka ba. Yanzu zazzaɓin ya sauka, har ta fara yi wa masu jinya faɗa a kan yadda suke dafa shayi, ka ga ke nan ta dawo hayyacinta.

Ga abin da ya dame ni. Ba sa sallamar tsoho sai an turo ma'aikaciyar lafiya ta duba inda zai koma. Ta zo ranar Talata. Ta shiga ɗakin baya na ƙasa, inda Mam ke kwana tun da ta daina hawa bene, ta ɗora tafin hannunta a bango, ta juyo ta nuna mini shi a jiƙe. Ta ce, "Baiwar Allah, a nan tsohuwar take kwana?" Na ji kamar in nutse don kunya. Na ce to a mayar da gadon falo. Ta taɓa na falon, shi ma haka. Ka san gidanmu ne na ƙarshe a Layin Kyaftin, ga shi siriri, duk ɗakunan jingine suke da bangon gefe mai kallon teku. Ta rubuta cewa Mam ba za ta koma ba sai bangon ya bushe. Wurina kuwa ba ma a maganarsa, matakala talatin da biyu ne kafin ka kai ƙofata.

Da na gaya wa Mam, sai ta ce, "Ki faɗa musu a gidan nan na haife ku, daga cikinsa kuma za a ɗauke ni." Ta juya mini baya.

Na aika wa tsoho Caradog magini, wanda ya yi aiki da mahaifinmu Tada, ya zo ya duba. Zan sanar da kai abin da ya ce.

Ƙanwarka,
Nesta

Porthelen, 15 ga Agusta

Yaya,

Ina fata kana lafiya. Mam na samun sauƙi, jiya ta cinye burodin zabibin da na kai mata, ta ce ya yi tauri.

Ban jira amsarka ba don maganar ba ta jira. Ka karanta a zaune.

Caradog ya zo. Ya zagaya bangon gefe yana ƙwanƙwasa shi da ƙotar guduma, ya ɗaga kai ya dubi bututun hayaƙi. Can sai ya ce, "Wane ne ya shaƙe gidan nan?" Ya juyo wurina. Ya ce, "'Yata, gidajen layin nan da dutse da farar ƙasa aka gina su tun zamanin Sarki George. Bangon yana shan ruwa, rana ta fito ya fitar. Haka yake yi shekara ɗari da sittin, bai taɓa kwantar da kowa ba. An zo an lulluɓe shi da siminti, an bi da fentin roba. Simintin ya tsage kamar gashi, ruwa na shiga, ba hanyar fita sai ta ciki, ta kan gadon tsohuwa. Ga bututu an toshe. Ina iska za ta bi?"

Yaya, ban faɗa masa kai ne ba, amma ya sani, kowa a layin ya ga ka a kan tsani bazarar da Tada ya rasu. Ni ina Swansea wajen kwas a lokacin, da na dawo har yaba maka na yi. Ba ina ɗora maka laifi ba ne.

Maganin shi ne a sassaƙe simintin, a sake yaɓe da farar ƙasa. Amma ka san duka gidaje taran layin suna cikin rajistar gine-ginen tarihi, ko taga ba ka canzawa sai da izini. Na je wurin jami'ar da ke kula da su, wata Mis Tegwen Prydderch, mace mai kirki amma ba ta lanƙwasuwa. Ta ce aikin da aka yi ba da izini aka yi shi ba, kuma laifi ne a doka. Tana son wanda ya yi shi ya rubuto da hannunsa, ya sa hannu, ya faɗi abu uku: ko ya kankare tsohon yaɓen, ko ya buga ragar waya a jikin dutsen kafin siminti, da abin da ya cusa a bututu. In akwai raga aka ja ta da ganganci, duwatsu za su biyo ta, bangon na iya zubowa. In ba takardarka, sai an jira masani daga Cardiff ya zo ya buɗe ya gani, shi kuwa sai bayan Kirsimeti. Ta ce in ka rubuto gaskiya za ta roƙa kada a kai ka kotu, amma ba ta yi alkawari ba. Na tambayi Mam ko ta san yadda ka yi aikin, ta ce ba ta tuna komai.

Ga kuma lokaci. Farar ƙasa shafi uku ake yi, kowane sai ya sha mako yana kamawa, in sanyin da ke daskarar da ruwa ya same ta da ɗanyenta sai ta zube kamar gari. Caradog ya ce in ba a fara ba a tsakiyar Oktoba, sai Afrilu. Asibiti ba za su riƙe ta har Afrilu ba.

Ka rubuto takardar ka sa a jirgin farko.

Nesta

Sansanin haƙar ma'adinai, Pilbara, 22 ga Agusta

Nesta ƙanwata,

Na ga wasiƙarki, na gode Allah da Mam ta farfaɗo. In har ta fara faɗan shayi to ba inda za ta. Ki sumbace ta a madadina, ki ce ɗanta na nan garau, ya yi baƙi ya yi ƙiba. Ki gai da Hefin da gwiwarsa.

Maganar bango kuwa, ke dai da ɗaukar ƙaramin abu ki mai da shi babba! Wane gida ne a bakin teku ba ya ɗan danshi? Ki rabu da Caradog, tsohon nan da za a bar shi da har yau da kitsen tunkiya muke kunna fitila. Aikin da na yi wa bangon nan ko jikokinmu ba za su sake taɓa shi ba. In akwai 'yar tsaga, ki samu yaran da ke aikin gini su cike ta da siminti, su ƙara fenti shafi biyu, ki kunna hitar ɗumama ɗaki kwana uku, ki kira matar nan ta sake ɗora hannu. Shi ke nan.

Abu ɗaya: kada ki kuskura ki kai maganar ofishin masu tsofaffin gidaje. Waɗannan sun fi son taga a kan mutum. Kina buɗe musu ƙofa sai sun ƙirga miki ƙusoshin gidan.

Nan ba labari sai ƙura da ƙudaje. Wani ɗan Cornwall da muke ɗaki ɗaya ya ce zai koya mini dafa miyar rago, ni da aka haifa a cikinta.

Yayanki,
Idwal

Porthelen, 6 ga Satumba

Idwal,

Muna lafiya. Mam tana iya zuwa bayi da sanda.

Na karanta wasiƙarka sau uku a tsaye a bakin ƙofa, ina neman inda ka ajiye takardar, har ambulan na girgiza. Na zayyana maka komai, na ce maka simintin ne ya kwantar da uwarmu, ka amsa mini da a ƙara siminti? Da labarin miyar rago? Na rantse da kana kusa da sai na watsa maka wasiƙar a fuska.

Ni ce mai mai da ƙaramin abu babba. To. Ni ce kuma nake zuwa asibiti kullum bayan na tashi aiki, ni ce nake wanke mata rigunan barci, ni ce nake tsayawa likita yana tambayata yaushe za mu ɗauke ta don suna bukatar gadon. Kai kana can shekara shida, ka zo sau ɗaya, ka yi kwana goma, bakwai a cikinsu a mashayar bakin tasha. Ka yaɓe gida ka tafi ka bar ta tana shaƙar fumfuna, yanzu ko layi biyar ba za ka iya rubutawa ba.

Jiya ta tambaye ni ko furannin bakin taga sun mutu. Na ce ina ba su ruwa. Ta ce, "Ki bar su haka, ina dawowa mako mai zuwa." Me kake so in ce mata?

Saura mako biyar.

Nesta

Pilbara, 20 ga Satumba

Nesta,

Lafiyata ƙalau, tunda ba ki tambaya ba.

Wasiƙunki biyu tare suka zo yau, ta 15 ga Agusta da ta 6 ga Satumba. Ta farkon ta kwana a wani sansani makonni uku, an kai ta can bisa kuskure. Lokacin da na rubuta miki waccan ban ga komai ba sai wasiƙarki ta fari. Ki dubi kwanan wata kafin ki zage ni. Amma na gode, ko ba komai na ji abin da ke zuciyarki. A ɗaya kin ce ba ki ɗora mini laifi, a ɗaya kin ce ni na bar ta tana shaƙar fumfuna. Wacce zan ɗauka?

Yanzu ki saurare ni. Takardar zamana a ƙasar nan tana gaban hukuma, a watan Janairu za su yanke. Akwai wurin da ake tambaya ko an taɓa kama ka da laifi a kotu. Mis Tegwen ɗin nan da bakinta ta ce ba ta yi alkawari ba. In ta kai ni, ko tara ce kawai, shekara shida na cin ƙura sun tafi a banza, a sa ni a jirgi a dawo da ni ina da shekara arba'in da huɗu ba aiki. Kin yi tunanin wannan?

Ga mafita. Ki ce Tada ne ya yi aikin kafin ya rasu. Wata huɗu ne kawai tsakani, wa zai tsaya lissafi? Ba a kai mamaci kotu. Ki ce kin tuna ya yi maganar raga, ki sa hannu a matsayin shaida. Ba wanda zai cutu. Shi da kansa da yana raye da ya ce a yi haka.

Ki gai da Mam. Kada ki nuna mata wannan.

Idwal

Porthelen, 4 ga Oktoba

Yaya,

Da fatan kana lafiya, ga shi na tambaya. Mam ta ɗan koma baya, tari ya dawo, amma ba zazzaɓi.

Na dubi kwanan watan, gaskiyarka ce. Na zage ka a kan abin da ba ka gani ba, ka yafe mini wannan. Sauran maganganun kuwa ba zan ce ƙarya na yi ba, sai dai bai kamata in faɗe su a haka ba.

Amma abin da ka nema ba zan yi ba. Ba don ni ta Allah ba ce, na ɗauki biro har na rubuta layi biyu. Sai na tuna wa zan kai wa. A ofishin Mis Tegwen akwai hoton Tada a bango, yana tsaye a gaban motar rusau shekarar da aka so a share layin a yi wurin ajiye motoci. Shi ya bi gida gida da takarda har aka sa layin a rajista. Mutumin da duk bazara yake dama farar ƙasa a tsohon baho yana koya wa maƙwabta, shi zan ce ya shafa siminti? Duk da haka na gwada Caradog, na ce, "Baba, in aka ce Tada ne fa?" Ya dube ni ya ce, "In kika faɗi haka, da ƙafata zan je in ce ƙarya ne. Na ɗauki gawar mutumin nan a kafaɗata." Ya ɗauki hularsa ya fita, shayinsa ko taɓawa bai yi ba.

Kuma ko na yi ƙaryar, ni ban san abin da ke ƙarƙashin simintin ba. A wasiƙarka ka ce in ce akwai raga. Akwai ne, ko kuwa faɗa ka yi? Ina ta tsaya? Mutum ne zai hau tsani ya ja ta, Yaya.

Na koma wurin Mis Tegwen na gaya mata halin da kake ciki. Ta ce a shekarunta na aiki ba ta taɓa ganin an kai wanda ya zo da kansa kotu ba, amma ba ita ke yanke hukunci ba. Iyakar abin da na samo maka ke nan.

Asibiti sun ba ni zuwa ƙarshen wata. Bayan nan gidan kula da tsofaffi ne, can cikin tudu, mil ashirin daga teku. Caradog ya huce, ya ce in aka yi sa'a sanyi ya makara, zai rufe bangon da buhuna ya gwada ko da a farkon Nuwamba ne. Ya riga ya jiƙa farar ƙasar, tana nan a bayan gida a rufe.

Da a waccan wasiƙar ka sa takardar, da yau suna kan bango. Ina roƙonka.

Nesta

Pilbara, 25 ga Oktoba

Nesta,

Ina lafiya. Allah ya sa tarin ya lafa.

Ga takardar nan a ciki, na sa hannu, manajanmu ya sa nasa a matsayin shaida. Na kankare tsohon yaɓen duka. Akwai raga, daga ƙasa har tagar bene, na buga ta da ƙusoshi masu tsawo a tsakanin duwatsu, daga nan zuwa sama babu don ta ƙare mini. A bututu buhu biyu na cusa, na ɗora falalen dutse na liƙe. Ki ce wa Caradog ya fara daga sama, kuma kada ya tsaya a ƙarƙashin kusurwar baya, dutsen wurin yana motsi tun a lokacin.

Zan faɗa miki abin da ba na so. Ranar 18 na rubuta ta, ranar da wasiƙarki ta zo. Jirgin wasiƙu na nan a fili, na je har bakinsa da ita a aljihu, na tsaya ina kallo ya tashi. Mako guda ke nan ban iya cin abinci ba. In wannan makon da na ɓata ya zama shi ne ya sa aikin ya makara, ki faɗa mini, kada ki ɓoye.

Ba ki taɓa tambayata dalilin da ya sa na yi aikin ba. Mako uku bayan jana'izar Tada na fito na tarar da Mam a kan tsani da bokitin farar ƙasa, tana da shekara sittin da shida, wai lokacin shafe ya yi kuma ba mai yi. Na sauko da ita tana zagina. A ranar na ce sai na yi wa bangon abin da ba zai sake neman hannun kowa ba. Na san ana neman izini. Na ga kamar ni na fi su sanin gidanmu.

Ki ce mata ina gaishe ta.

Idwal

Porthelen, 12 ga Nuwamba

Yaya,

Mun gode Allah, ni da Hefin lafiya.

Takardarka ta zo ranar 8. Mis Tegwen ta karanta a gabana, ta sa hannu a izinin washegari, ta ce ta yi magana da na sama, ba za a kai ka ko'ina ba. Ka kwantar da hankalinka a kan wannan.

Ka ce kada in ɓoye. Sanyin ya sauka ranar 3, da safe na tarar da ruwan bahon farar ƙasa ya daskare. Ko da ka sa ta a jirgin farko, kwana biyu za ta riga shi, kwana biyu kuwa ba sa yaɓe bango. Ba makon nan da ka ɓata ne ya jawo ba. Watan Satumba ne. Caradog ya ce sai Afrilu.

An kai Mam gidan tsofaffin ranar 31. Tagarta tana kallon wurin ajiye motoci. Ba ta yi faɗa ba, ko a kan shayi, wannan ne ya fi ba ni tsoro. Na tambayi likita ko za ta kai Afrilu, ya ce in riƙa zuwa a kai a kai.

An ba mu izinin buɗe bututu da ɓare takardar adon bango ta ciki, don ya fara shan iska. Ranar Asabar ni da Hefin muka shiga ɗakinta da wuƙa. Ka tuna takardar, mai ƙananan furanni shuɗɗa. Na ɓare ta, sai ga wata a ƙasa, irinta sak, baƙi ƙirin da fumfuna. Na ɓare wannan, ga wata. Biyar muka ƙirga, Yaya, duk zane ɗaya. A kabad ɗin ƙarƙashin matakala muka samu sauran naɗi uku da bokitin gam da buroshi, an tura su can ƙurya bayan akwatunan Tada. Duk shekara ina shiga ɗakin nan ina cewa takardar Mam ba ta tsufa.

Jiya na je na zauna a bakin gadonta na ce, "Mam, wa yake liƙa miki takarda a bango?"

Ta ce, "Wa kike gani?"

Na ce, "Ke kaɗai? A kan me kike hawa?"

Ta ce, "Kujerar kicin. Duk bazara, ranar da kuke zuwa kasuwar Carmarthen."

Na ce, "Kin san bangon na jiƙe tun yaushe?"

Ta ce, "Tun damunar farko. Shekara arba'in ina auren ubanku, kina tsammani ban san abin da siminti ke yi wa dutse ba? Tun yana kan tsani na sani."

Na ce to me ya hana ta magana, ga shi ya kai ta inda ya kai ta. Ta daɗe tana kallon motoci. Sannan ta ce, "Yaron nan ubansa bai taɓa ce masa ya iya komai ba. Wata biyu ya yi a kan bangon nan, hannunsa duk ya fashe. Da ya gama ya kira ni waje ya ce in duba. Ke da kin ga fuskarsa, da kin yi shiru."

Ta kama hannuna ta ce in rantse ba zan gaya maka ba. Na rantse.

Kada ka amsa wannan da wasiƙa, mako biyu take yi a hanya. Ka nemi hutu ka taho.

Ƙanwarka,
Nesta